Ma'anonin "Take Off" da Kalmomin da Ke Maye Gurbinsa

Duk wanda ya zauna jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ko JAMB ya san sashen nan da ake ja wa kalma layi a ce a zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe da ƙananan kalmomin da suka raina. Ɗalibi ya san "take" na nufin ɗauka, ya san "off", amma da an haɗa su sai ma'anar ta kufce masa. Masana nahawun Ingilishi suna kiran irin wannan haɗi na aikatau da ƙaramar kalma "phrasal verb", sunan da ya fara bayyana a littafin Logan Pearsall Smith na 1925. Matsalar kuwa ta girmi sunan. Tun a 1755 Samuel Johnson ya nuna a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi yana wahalar da baƙi masu koyon harshen, kuma "take off" na cikin misalan da ya kawo.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Mu ma muna cewa ci abinci, ci gaba, ci amana, ci bashi, ci jarrabawa, alhali a guda ɗaya kaɗai ake tauna wani abu. Yadda muke gane wane "ci" ake nufi daga kalmar da ke kusa da shi, haka Bature yake gane "take off".

Ma'anoninsa sun kasu gida biyu, kuma tambaya ɗaya ce ke raba su: akwai karɓau ko babu? Wato akwai abin da aikin ya faɗa a kansa?

Idan akwai karɓau, ma'anar da aka fi ji ita ce cire abin da ke jiki: riga, takalmi, hula, tabarau, agogo. "Take off your shoes" na nufin cire takalmanka. Takwararta ita ce "remove", kishiyarta kuwa "put on". Ta biyu ita ce ragi a farashi ko lissafi. Mai shago ya ce "I will take five hundred naira off", ya rage maka naira ɗari biyar ke nan, kuma kalmomin da suka dace a nan su ne "deduct" da "subtract". Ta uku ɗaukar hutu daga aiki: ma'aikaciyar da ta ce "I took Friday off" tana nufin ba ta je aiki ranar Juma'a ba. Ta huɗu ta fi yawa a bakin mutanen Birtaniya, wato kwaikwayon magana ko tafiyar wani don a yi dariya. Takwarorinta "mimic" da "imitate", kuma ita ce ta yi kusa da ma'anar kwafa da Johnson ya rubuta.

Akwai ƙa'ida a wannan gida da ake yawan karyawa. Idan karɓau suna ne, yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe: "take your cap off" da "take off your cap" duk daidai ne. Idan wakilin suna ne, tsakiya kaɗai yake zama: "take it off". Wanda ya rubuta "take off it" ya yi kuskure. Haka kuma "off your shirt" da ake ji a tituna da makarantunmu ba ta karɓuwa a jarrabawa, don an jefar da aikatau ɗin gaba ɗaya.

Idan babu karɓau, sai a dubi mai aikatawa. In jirgin sama ne ko tsuntsu, tashi ake nufi, wato barin ƙasa, kuma kishiyarsa "land". In mutum ne, ya tafi ba zato ko ya arce: "the thief took off" na nufin ɓarawon ya ranta a na kare, kuma "flee" ko "leave" ne za su zauna a gurbin. In kuwa kasuwanci ne ko sana'a ko waƙa, bunƙasa cikin sauri ake nufi, kamar "flourish" ko "boom". Wannan ma'ana ta shiga har ilimin tattalin arziki. A littafinsa na 1960, Ba'amurke W. W. Rostow ya kasa ci gaban ƙasashe mataki biyar, ya sa wa na uku suna "take-off", wato lokacin da masana'antu suka kankama har tattalin arziki ya fara tafiya da ƙafarsa.

Mai karatu zai lura cewa yawancin takwarorin nan kalma ɗaya ce mai kama da ta littafi. Tarihi ne ya kawo haka. "Take" ta shigo Ingilishi daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, ta zama kalmar gida da kasuwa. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da malamai. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne "remove", "depart", "deduct" da "imitate" suka shigo. Shi ya sa har yau uwa za ta ce wa ɗanta "take off your shoes", amma sanarwar da ke manne a ƙofar masallaci ko asibiti ta ce "remove your shoes". Ma'ana ɗaya ce, wurin faɗa ne ya bambanta.

Wani lokaci kuma bambancin ya wuce na ladabi. Ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife na Sifaniya, mutum 583 suka mutu. Hazo ya rufe filin, rediyo ya sami katsalandan, sannan ga ruɗanin kalma: da mataimakin matuƙin KLM ya ambaci "takeoff", mai ba da umarni daga hasumiya ya ɗauka suna tsaye suna jiran izini, alhali jirgin ya fara gudu. Bayan wannan hatsari aka gyara ƙa'idar magana a harkar jiragen sama. Yanzu ba a furta "takeoff" a rediyo sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. A duk sauran magana "departure" ake cewa, duk da ƙamus yana jera kalmomin biyu kusa da juna.

Saboda haka haddace jerin takwarori kaɗai ba ya wadatarwa. "Remove" ba za ta zauna a jimlar jirgi ba, "flourish" ba za ta zauna a jimlar takalmi ba. Ɗalibi, in ka haɗu da "take off" ko ɗan'uwansa irin "put off" da "give up", karanta jimlar har ƙarshe, nemo mai aikatawa, duba ko akwai karɓau, sannan ka zaɓi amsa. Malamai kuma su riƙa koyar da irin waɗannan kalmomi cikin cikakkun jimloli, kowace ma'ana da misalinta, su sa yara su gina nasu.