Keken Guragu: Daga Kurkukun Amurka Zuwa Hannun Mai Faci

A Amurka keken guragu yakan fi mai shi tsawon rai. Tsoho ya rasu, 'ya'ya su tura kekensa lungun gareji. Yaro ya girma ya fi ƙarfin nasa, a sai masa sabo. Asibiti ya sauya kaya, tsofaffin su koma tarkace. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 80, wato kusan kashi 1 cikin 100 na jama'ar duniya, suna buƙatar keken, kuma mafi yawansu ba su da shi. Wannan giɓin ne wasu Kiristoci 'yan sa kai suka shiga tsakani domin su rage.

Wadda ta fi yin suna a harkar ita ce Joni Eareckson Tada. A 1967, tana da shekara 17, ta daka tsalle cikin ruwan Chesapeake ba ta san wurin ba shi da zurfi ba. Wuyanta ya karye, laka ta taɓu, daga kafaɗa zuwa ƙasa ya shanye. Ta koyi zane da buroshi a baki, ta rubuta tarihin rayuwarta, a 1979 kuma ta kafa ƙungiyar Joni and Friends, wadda hedkwatarta ke Kalifoniya. Shirinsu na kekuna, Wheels for the World, ya kankama a 1994, kuma Ghana ce ƙasar da suka fara kai wa.

Hanyar da keken ke bi kafin ya isa hannun mai shi tana da ban sha'awa. 'Yan sa kai ne ke bi gida-gida da majami'u suna tattarowa. Daga nan sai gidajen yari, inda fursunoni ke kwance kowane keke ɓalli-ɓalli, su kankare tsatsa, su sauya boris, su ɗaure birki, su ɗinka sabon mazauni. Mutumin da aka kulle shi ne ke gyara abin da zai fitar da wani daga ɗakin da ya shekara a ciki. Sai a loda a kwantena, jirgin ruwa ya tsallaka da su, tawaga ta biyo baya a jirgin sama: masu gashin ƙashi, makanikai, masu ɗinki, masu fassara.

Ranar rabo ita ce zuciyar aikin, kuma nan ne mai kallo daga nesa ke kuskuren fahimta. Ba layi ake ja a miƙa wa kowa keke ya wuce ba. Mutum ya iso, wani a goye, wani a baro, wani da rarrafe yana sanye da silifas a hannu. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta durƙusa a gabansa ta tambayi yadda yake wuni: ina yake kwana, wa ke ɗaga shi, ƙofar ɗakinsa na da faɗi, hanyar gidansu yashi ce ko dutse? Ta auna faɗin ƙugu. Ta auna tsawon cinya, ta bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, don kada ƙarfe ya riƙa gugar fata. Ta duba inda ƙafa za ta sauka. Idan yaro ne da ba ya iya riƙe wuyansa, makanike da kafinta su duƙufa da soso da katako da ɗamara, a yanka, a gwada, a sake yankawa, har kan yaron ya tsaya ya ga fuskar uwarsa ba rufin ɗaki ba. Mutum ɗaya na iya cinye rabin yini.

Dalilin wannan tsanaki shi ne keke kamar takalmi yake: wanda ba awonka ba ciwo zai ji maka. Ga wanda lakarsa ta taɓu abin ya fi haka muni, domin ba ya jin zafin da zai sa ya gyara zama. Ƙashin mazauni ya danne fata awa bayan awa, jini ya daina zagawa, wurin ya yi ja, ya fashe, ya zama gyambo mai cin nama har ƙashi. Irin wannan gyambon na kisa. Matashin soso da aka yanka daidai, wanda kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, sau da yawa shi ne tsakanin mutum da kabari.

Ƙungiyar ba ta ɓoye dalilinta. Tare da keken ana ba da Littafi Mai Tsarki, ana yin bishara, ana haɗa mutum da wata majami'a ta yankin. Ban ga aibi ba a ce mai bayarwa ya faɗi abin da ya taso shi. Abin da ya wajaba a kiyaye, musamman a gari irin Accra inda Musulmi da Kirista ke maƙwabtaka, shi ne kada wanda ya rarrafo ya ji kamar da imaninsa zai biya kuɗin keken.

Damuwata ta fi karkata ga abin da ke biyo bayan tafiyar baƙi. Keken da aka ƙera domin daɓen asibiti bai san kwatami da jar ƙasa ba. Ƙananan tayoyin gaba su nutse a yashi, ƙura ta cinye boris, damina ta kawo tsatsa. A kai wa mai gyaran keke na bakin kasuwa, ya juya shi ya ce, “Wallahi irin wannan notin ba a samunsa a nan.” Shi ke nan, keken ya koma bayan ɗaki, mai shi ya koma ƙasa. Saboda irin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2008, masu matakai 8, tun daga tantance mutum da awo da koya masa tuƙi, har zuwa na ƙarshe: bibiya da gyara. Wannan na ƙarshen kuwa tawagar mako ɗaya ko biyu ba ta iya ɗaukarsa, komai kyawun niyyarta.

Wasu sun tunkari matsalar ta wajen ƙira. Ralf Hotchkiss, injiniya wanda shi kansa a keke yake, ya yi aiki da naƙasassun makanikai a Nikaragwa a farkon shekarun 1980, daga baya ƙungiyarsa ta Whirlwind ta fito da keke mai dogon jiki da faffaɗan tayoyin gaba, wanda ake gyarawa da kayan keken hawa. Ƙungiyar Free Wheelchair Mission, wadda Don Schoendorfer ya kafa a 2001, ta fara da kujerar roba a kan tayoyin keke saboda araha, sannan ta koma ƙera wanda ake daidaitawa da jikin mutum.

Mu ma a nan akwai abin nunawa. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shan inna ya kama yana yaro, ya haɗa kai da wani fasto Ba'amurke, Ron Rice, suka tsai da cibiyar Beautiful Gate, inda ake ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, ana raba wa Musulmi da Kirista. A Kano ma ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa ta daɗe tana walda irinsa. Taya ta fashe, mai faci na nan. Sarƙa ta tsinke, akwai ta a kasuwa.

Sai dai mai taya uku na titi ne, ba ya shiga ɗaki, kuma yana son mai ƙarfin damtse. Tun da aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, masu buƙatar da za su ƙaru su ne waɗanda hatsarin mota da babur ya karya wa baya, da masu shanyewar ɓarin jiki, da yaran da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa. Waɗannan keken awo suke buƙata, irin wanda tawagogin nan suka ƙware a kai. Don haka duk majami'a ko ƙungiyar da za ta karɓi irin waɗannan baƙi, ya kamata ta nemi abu biyu tun kafin a loda kwantena: a ware wuri a ciki domin boris da tayoyin gaba da soso, sannan a ranar rabo kowane makanike baƙo ya yi aiki da mai gyara ɗan gari a gefensa, sifana a hannun ɗan garin.