Daga wasiƙa zuwa saƙon murya: ta wace hanya talaka yake maida wa radiyo amsa?

Garin Gidigir yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure da Difa, kuma kasuwarsa ta bisashe tana tara Barebari da Hausawa da Fulani da Tubawa. A can, kamar a sauran karkarar Nijar, radiyo ne jaridar kowa: makiyayi yana rataye da akwatinsa, ɗan tireda yana ajiye nasa kusa da sikeli. Sauraro dai bai taɓa zama matsala ba. Abin da ya daɗe yana da wuya shi ne mai sauraro ya maida amsa har a ji shi, kuma sau da dama hanyar amsar tana canzawa.

An buɗe Radiyo Nijar a 1958. Shekara huɗu bayan haka, a 1962, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo. Tsarin kuwa shi ne, mutanen gari su taru su saurari shiri a kan noma ko kiwo ko lafiya, sannan su tattauna, mai jagorancin zaman, wanda sau da yawa malamin lakkol ne, ya ɗauki muryoyinsu da na'ura ya aika Yamai. A can ne ake tacewa, a zaɓi abin da zai fita. Wanda bai iya rubutu ba ya samu bakin magana, amma wuƙa da nama suna hannun gwamnati.

Wasiƙa ita ce hanya ta biyu. Mai sauraro yakan nemi ɗan lakkol ya rubuta masa, ya sayi tambur, ya ba direba ya kai gidan waya. Da haka sunayen garuruwan gabas suka riƙa fitowa a filayen amsoshin wasiƙu na Muryar Sahel da na sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da na Muryar Jamus. Amsa takan ɗauki makonni, wata wasiƙar ma ta ɓace a hanya. Sai dai wadda ta isa tana ɗauke da suna da adireshi, ana kuma iya adana ta.

Iskar demokaraɗiyya ta sauya al'amura. Jaridar Haske ta fito a 1990, Babban Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, tashar R et M ta zama radiyo mai zaman kansa na farko a 1994, Anfani ta biyo baya. A 1999 aka buɗe radiyon karkara na farko a Bankilare. Katin gaisuwa ya yi kasuwa, tashoshi suna samun na batarwa, masu sauraro suna jin sunayensu. Da wayar salula ta shigo a farkon shekarun 2000, sai layi ya buɗe kai tsaye: ba tambur, ba direba, ba jiran mako uku. Yau kuma saƙon murya ta WhatsApp ya shige gaba, domin ba ya bukatar boko, kuma ana iya ɗaukarsa a rugga, ya tafi sa'ad da aka samu rezo.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Na farko, kuɗi: filin ya fi zama na mai abin sayen kiredi da cajin waya, mata da talakawan ƙauye kuwa sau da yawa sai da wayar aro. Na biyu, tacewa: wasiƙa ana karanta ta kafin a fitar, kira kai tsaye kuwa in ya fita ya fita, magana zarar bunu ce. Na uku, ajiya: ƙorafin da aka yi a kan rijiyar da ta lalace, ko rairayin da ke binne kwarurukan dabino da kanwa na ƙasar Gure, yana kwance cikin wayar ma'aikaci guda, ranar da wayar ta ɓace, shaidar ta tafi. Na huɗu, hanyar ba ta ƴan ƙasa ba ce: WhatsApp mallakar kamfanin Meta ne na Amurka, kuma sa'ad da aka katse intanet na salula har kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021, duk wanda ya dogara da ita ya yi shiru.

Doka ma ta shigo ciki. Tun 2013 aka rufe layukan wayar da ba a yi wa rajista ba, saboda haka kowace murya tana da mai ita. Dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an sake tsaurara ta a Yuni 2024, aka maido da ɗauri a kan ɓata suna da zagi. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya tura saƙo cikin fushi, ko ya yaɗa abin da bai tabbatar ba, yana iya kwana a gaban alƙali.

Tashar da take son sauya hanyar karɓar ra'ayi ya kamata ta fara da tambayar wanda za a bari a baya. Buɗe lambar WhatsApp ba ya hana a bar akwatin wasiƙu a kasuwa, a aika ma'aikaci da na'ura ranar cinta, a kuma riƙa rubuta ƙorafe-ƙorafe cikin littafi da kwanan wata, domin hukumomin gari su samu abin dubawa. Makiyayin da ya sayar da rago a Gidigir ya biya haraji. Yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, ko yana da waya ko ba shi da ita.