Kafin a ja kunya, a duba ina ruwa ke gangarawa

'Yan'uwa manoma, a Anka, Bukkuyum da Gummi gonakinmu iri biyu ne: tudu, jigawar gero, da fadama, wato kwarin bakin Gulbin Zamfara mai laka. Fadama ke fara nutsewa in gulbi ya cika, mutanen Gummi sun gani a damanar 2024.

Amma wurin da aka fi sakaci shi ne gangaren da ke tsakaninsu. In ƙungiyarku ta samu taswira, ku duba layukan nan masu lanƙwasa. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya, inda suka matsu kuwa gangaren ya yi tsanani. A nan, don Allah, a ja kunya a gicciye. In ta bi gangare, ruwa zai kwashe taki, kafin a ankara kwazazzabo ya raba gona.