Kwana 21 A Cikin Ɓawo: Yadda Ƙwai Yake Zama Kaza



Kwanakin baya ƙanwata 'yar aji uku ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai su zana rayuwar kaza. Da dare sai na tarar ta ɗauki ƙwai ɗaya cikin kiret ɗin da aka sayo, ta naɗe shi da tsumma ta ɓoye. Na ce me ke nan? Ta ce, "Yaya, ɗan tsako nake jira." Na yi dariya, amma da na zo yi mata bayani sai na ga ni ma ban gama sani ba. Shi ya sa na koma na yi karatu, ga abin da na samo.

Da farko, kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Jikinta yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗa ƙwai ɗaya. Amma sai zakara ya taka ta sannan ƙwan zai iya zama tsako. Yawancin ƙwan kiret daga gidan gona yake, inda ba a haɗa kajin da zakaru. To ka ga ko shekara ƙanwata za ta yi tana jira, babu abin da zai fito.

Idan kazar gida ta tara ƙwai kamar goma ko sha biyu, sai ta shiga kwanci. Nan lissafin kwana 21 yake farawa. Ɗumin jikinta ne ke raya abin da ke ciki, kuma tana jujjuya ƙwan da baki don kada tsakon ya manne a gefe guda. Masu injin ƙyanƙyasa ma kwaikwayonta suke yi, suna saita zafi a wajen digiri 37.5.

Kafin kwana uku zuciya ta fara bugawa. A kwana na bakwai, idan ka shiga ɗaki mai duhu ka haska ƙwan da tocilan waya, za ka ga jijiyoyin jini ja-ja. Wanda ka gani fayau, to ba zai yi ba, shi ne zai zama baragurbi. Abincin tsakon kuwa gwaiduwa ce, iska kuma tana shiga ta ƙananan ƙofofin ɓawo da ido ba ya gani.

Wajen kwana na 20 za ka iya jin kukansa daga ciki. Yana da ɗan tsini a kan bakinsa wanda yake fasa ɓawo da shi, daga baya ya faɗi. Nan ne yara suke ɓarna. Suna ganin ya huda, sai tausayi ya sa su ɓare masa. Don Allah ku hana su. Fitowar takan ɗauki awoyi da yawa, wani lokaci har kwana guda, kuma yana ƙarasa janye gwaiduwar ne cikin cikinsa. In aka yi gaggawa jini zai zuba, ya mutu.

Yana fitowa a jiƙe, bayan 'yan awoyi ya bushe ya miƙe. Makonnin farko su ne masu haɗari: sanyi, shaho, muzuru, ga cuta. Shi ya sa uwar take tara su ƙarƙashin fiffike, kuma akurki yake da amfani. Wajen mako shida gashinsa ya cika. Macen ta zama sagara, ta fara ƙwai a wajen wata biyar zuwa shida, namijin kuma ya fara cara. Shi ke nan, an koma farko.

In kana da ƙane ko ƙanwa, kada ka tsaya a zane kawai. Ku nemi kazar da ta fara kwanci, ku rubuta 1 zuwa 21 a takarda, kullum yaron ya soke ɗaya. Amma ku lura, in ƙwan zabi aka sa mata, sai kwana 26 zuwa 28.

Mu namu lissafin yau kwana 12. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.