Uwargida, Kada Ki Tsawata Wa Yaro Mai Yawan Tambaya

Yau zancenmu a kan yaron nan ne da kike cewa ya ishe ki da surutu.

Bara na tsaya sayen ƙuli-ƙuli wajen wata yarinya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Ba ta fi shekara shida ba. Kafin in gama lissafi a zuci, ta faɗa mini canjina daidai. Na juya mata tambaya sau uku, ba ta kuskure ko ɗaya ba, ga shi ba ta taɓa shiga aji ba. Da na bi ta gida, sai uwarta ta ce, "Malama, wannan ai fitinanniya ce, ba ta barin kowa ya huta."

To, uwargida, abin da muke kira fitina wani lokaci baiwa ce daga Allah. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ki lura. Yaro ya fara magana da wuri, yana haɗa zance kamar babba? In kin yi masa tatsuniya sau ɗaya, gobe ya maimaita ta duka, har ya gyara miki inda kika canza? A makarantar allo yana riga tsararsa wanke allo? In kun je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, yana son sanin dalilin da raƙumi ke jure ƙishirwa, amsa ɗaya kuma ba ta isarsa? Wani kuma shiru-shiru ne, amma da kara da gwangwani zai ƙera mota har da ƙafafu masu juyawa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma in sun taru, ki sa ido.

Mu malamai ma muna da laifi. Irin wannan yaro yakan gama aikinsa da wuri, ya gaji da zama, ya shiga tsokana, sai mu ɗauko bulala.

Na san abin da ke hana ki magana: kunyar ɗan fari, da tsoron bakin mutane. Ba a ce ki yi shela ba. Ki yi masa addu'a, ki amsa tambayarsa, in ba ki sani ba ki ce ku tambayi malam. Ki faɗa wa maigida, ku je ku ga hedimasta. Gwamnatin Tarayya tana da makarantar yara masu hazaƙa a Suleja tun zamanin Janar Babangida, ana shiga ta hanyar jarrabawa.

Mun ga yadda rashin tsaro ya sa aka rufe makarantun Zamfara a 2021. Uwa a Zurmi ko Shinkafi ta san in aji ya rufe, tsakar gida ce makaranta. In 'ya mace ce, kada talla ta cinye ta. Ki tuna Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gida ta fara karatu har ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Yarinyar nan mai ƙuli-ƙuli yanzu tana ajina, ita ce ke taya ƙawayenta lissafi. Ki duba ɗakinki yau, wataƙila irinta na nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.