Yadda Ake Fassara Manhaja da Tayar da Ita ta Tagar Umarni

Idan kai ne magatakardan bankin cimaka a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Safo, cikin gundumar Madarumfa, tsohuwar kwamfuta ta ishe ka haɗa ƙaramar manhaja mai lissafa tiyoyin hatsin da aka ranta da waɗanda aka maido. Tagar umarni, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ba ta buƙatar na'ura mai ƙarfi.

Me ya sa ake fassarawa?

Kwamfuta ba ta jin abin da ka rubuta da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972. Sai an sami tafinta ya mayar da shi harshen na'ura. Sanannen tafinta shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, kuma kyauta ne. Sau ɗaya za ka nemi intanet, ko da a birnin Maradi ne, domin sauke shi. Daga nan aiki ba ya buƙatar layi.

Matakan aiki a kan Linux

1. Ka adana rubutunka da suna hatsi.c.
2. Ka buɗe tagar, ka shiga jakar da fayil ɗin yake ciki da umarnin cd.
3. Ka rubuta: gcc hatsi.c -o hatsi
4. Idan tafinta ya yi shiru, fassara ta yi kyau. Sai ka rubuta: ./hatsi

Idan an sami kuskure

Tafinta zai nuna lambar layin da ya tsaya. Ka fara gyara kuskuren farko, domin sau da yawa shi ke haifar da sauran. Ka tuna cewa Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami: Hatsi.c daban, hatsi.c daban.

Abin lura

Duk lokacin da ka canza rubutun, wajibi ne ka sake fassarawa, in ba haka ba tsohon lissafi za ka gani. Tafinta yana duba ƙa'idar harshe ne kawai, ba ya sanin ko lissafinka daidai ne. Saboda haka ka gwada manhajar da alƙaluman da ka riga ka tabbatar a littafin banki kafin ka faɗa wa manomi yawan bashinsa. Umarnin rm kuwa yana goge fayil ba tare da tambaya ba, don haka ka riƙa ajiye kwafin hatsi.c a wani wuri dabam.