Yadda nake tsallakar da furannina rani a Briqueterie

Yanayin Yawunde ba irin na Kano ko Garwa ba ne. A watan Oktoba, lokacin da 'yan uwanmu na arewa ke cikin kaka suna girbi, mu nan ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Sai tsakiyar Nuwamba sama ke ɗaukewa, daga nan kuwa har zuwa Maris mai shuka ba ya da abin dogaro sai bokitinsa. Jar ƙasar nan tamu, irin wadda aka riƙa yin bulo da ita har unguwar ta samo sunan Briqueterie, in ta bushe ƙeƙashewa take yi, ka zuba ruwa ya gangare ta gefe bai kai ga saiwa ba.

A gidan hayar da muke, tukwanen furena goma sha biyu ne, jere a jikin katanga. Ranar da famfo ya ɗauke, yara ne ke ɗauko ruwa a bidon daga rijiyar maƙwabta. Wata dattijuwa a gidanmu ta taɓa ce mini, "'Yar nan, mutane ba su sha ba, fure zai sha?" Gaskiyarta. Shi ya sa ƙa'idata ɗaya ce: fure ba ya shan sabon ruwa, sai wanda ya riga ya yi wani aikin.

Muna ajiye roba a wurin alwala, ruwan mutum biyar sau biyar a yini ba kaɗan ba ne. Na wankin shinkafa da na ganye ma can suke zuwa. Amma wanda ke da omo, jabel, gishiri ko maiƙo ba na bari ya kusanci tukunya, don yana ƙona saiwa. In ruwan zai kwana, a rufe shi, kada garin neman fure mu yi kiwon sauro.

Ban ruwa kuma da asuba ko bayan magariba, a gindi, ba a kan ganye ba. Gara a shayar sosai bayan kwana biyu ko uku da a riƙa yayyafi kullum. Ƙasar tukunya nakan gauraya ta da yashi da busasshen kashin awaki, in rufe samanta da ɓawon gyaɗa ko garin katako daga wurin kafinta. Gorar roba da aka huda da allura aka binne kusa da saiwa kan yi ta ɗiga a hankali. Tukwanen kuma a haɗa su wuri guda, inda inuwar katanga ke faɗawa da azahar.

Sai zaɓen iri. Kariya, wadda kakanninmu suka sani a dajin arewa, a kututturenta take ajiye ruwa, kuma da rani take fitar da furenta ja-ja. Sai dai ƙaronta guba ne, a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kai. Lalle na jure ƙishi, ga furensa da ƙamshi, ga ganyen da amare ke nema. Alobera ma yawan ruwa ne ke ruɓar da ita. Ɗoɗɗoya ce raguwar cikinsu, ita nake fara ba wa.

Wani zai ce duk wannan wahala don me? A unguwar da gidaje suka matse juna, ƙura da hayaƙin babura suka cika hanya, ɗan kore a tsakar gida hutun ido ne, kuma yara na koyon cewa ruwa ba abin zubarwa ba ne. Ba a neman shuka ta yi ƙiba da rani, ta dai rayu. In ganye ya zube kada a yi saurin tumɓukewa, a kankare ɓawon reshe da farce. Muddin cikinsa kore ne, ruwan Maris zai tashe shi, in Allah ya so.